Birnin ya sassauta, jihar ba ta sassauta ba

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya min yadda kuka yi. Ta yi maka magana kan samarin da kake shiga motarsu, ka ce mata a Austin yanzu babu ruwan ɗan sanda da wanda aka samu da ɗan ƙullin tabar wiwi, ta daina tayar da hankalinta. Na san ba ka sha, kuma ba zarginka nake yi ba. Amma ba haka ake rufe wa uwa baki ba, balle maganar da ka rufe mata baki da ita rabinta ce kawai gaskiya.

Gaskiya ne a watan Mayun 2022 mutanen Austin sun kaɗa ƙuri'a suka hana 'yan sandan birninsu kama mutum saboda wiwi kaɗan. A Nuwamban shekarar Denton da San Marcos da Killeen da Elgin suka bi sahu, Dallas ma ta yi nata a 2024. To amma dokar da ta mai da riƙe wiwi laifi ta jihar Texas ce, kuma tana nan daram. Wanda aka kama da abin da bai wuce oza 2 ba, wato kusan giram 56, yana iya shan ɗaurin kwana 180 da tarar dala 2,000. Man wiwin nan da yara ke zuƙa a ƙaramin bututu kuwa ya fi muni, domin ko bai kai giram ɗaya ba babban laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari shekara biyu. Birni bai goge ko harafi ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya yi shi ne ya ce wa ma'aikatansa su kau da kai.

A gida mun saba 'yan sanda na tarayya ne, hukumar NDLEA ma haka, shi ya sa lissafin can ke rikita baƙo. A titi guda a Austin kana iya cin karo da ɗan sandan birni, ko na ƙaramar hukuma, ko na jiha, ko na jami'a, kuma na farkon ne kaɗai ƙuri'ar nan ta ɗaure wa hannu. Wanda ya tsayar da motarku da dare, kafin ka gane kakin wa ke jikinsa ya riga ya leƙo ta taga.

Shi kansa sassaucin, jihar ba ta bar shi ya zauna lafiya ba. A Janairun 2024 babban lauyan jihar, Ken Paxton, ya maka birane biyar a kotu, Austin na ciki, yana cewa gari ba shi da hurumin hana aiki da dokar jiha kan ƙwaya. A 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan jiha a shari'ar San Marcos da ta Austin. Tun a 2023 ma majalisar jihar ta yi dokar da za a iya tsige mai gabatar da ƙara idan ya ɗauki al'adar ƙin gurfanar da wani nau'in laifi gaba ɗaya. Ka ga ke nan labarin da ka ba mahaifiyarka har ya tsufa.

Rikicin ya samo asali ne daga 2019, lokacin da Texas ta bi dokar noma ta tarayya ta 2018 ta halatta irin wiwin da ake nomawa don zare da mai, muddin sinadarin THC mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Ido ba ya bambanta shi da ɗan'uwansa mai bugarwa, hanci ma haka, kuma yawancin ɗakunan gwajin gwamnati a lokacin ba su da na'urar auna adadin. Sai masu gabatar da ƙara a manyan ƙananan hukumomi suka yi watsi da ƙararraki masu yawa, har Gwamna Greg Abbott da manyan jihar suka rubuta musu wasiƙa cewa ba a halatta wiwi ba. Bayan halattawar nan kuma shaguna suka cika da alewa da abin sha masu bugarwa da aka yi daga irin wiwin nan. A 2025 majalisa ta amince a hana su duka, gwamnan ya hau kujerar naƙi. Masu mulkin kansu ba su gama daidaitawa ba, ina kai da ka je neman ilimi?

Ni ban ga laifin biranen duka ba. Sun gaji da ganin an ɓata wa yaro rayuwa kan ƙulli ɗaya, galibi yaron talaka ko baƙar fata, alhali manyan laifuka na jiran bincike. Hujja ce mai nauyi. Sai dai idan jiha da birni suna ja-in-ja, mai kuɗi ya ɗauki lauya, ɗan ƙasa ya biya tara ya koma gidansu, baƙo ne ke kwana a ciki.

Kai da bizar karatu kake zaune. Dokar shige da fice ta tarayya ce, ba ta san ƙuri'ar Austin ba. Hukunci ɗaya kan wiwi, kai ko amsa wa jami'in shige da fice da bakinka cewa ka taɓa sha, yana iya hana ka sabunta biza ko komawa bayan hutu. Idan aka samu abu a mota kuma kowa ya ce ba nasa ba ne, ana iya haɗawa da kai. Hukuncin abin maye a addini kuwa ka san shi tun kana makarantar allo, ba sai na maimaita ba.

Don haka motar da ka san ana ajiye abin nan a cikinta, ka bar shigarta, ko da kuwa za ka taka da ƙafa. Kada ka riƙe wa kowa jaka, kada ka sayi alewar nan don an ce maka a shago ake sayarwa. Idan kuma, Allah ya kiyaye, wata rana aka tsare ka, ka yi ladabi, ka ce kana son lauya, kuma kada ka sa hannu a takardar amsa laifi komai ƙanƙantarsa sai lauyan da ya san dokar shige da fice ya karanta ta.