Nasihar Juma'a: Tsuntsu Mai Bakin Cokali da Ruwan da Muka Tarar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan'uwa, da yawanmu a wannan masallaci na Yara daga Haɗeja muka taso, ko Nguru, ko Gashuwa. Duk wanda ya taɓa shiga fadamun can da sanyin safiya ya san zalɓe da balbela da dinya. Akwai kuma wani farin tsuntsu mai dogayen ƙafafu, bakinsa dogo mai faɗi a ƙarshe, sak cokali. Idan ya tashi sama miƙe wuya yake yi, ba ya lanƙwasa shi kamar zalɓe.

Ku dubi yadda yake cin abinci. Ba ya ganin abin da zai ci, don ruwan duk laka ne. Sai ya tsoma baki a ɗan buɗe, yana tafiya yana kaɗa shi dama da hagu, dama da hagu. Da ɗan kifi ko ƙwaro ya taɓa cikin bakin, caraf ya rufe. Sau nawa yake kaɗawa bai samu komai ba? Allah kaɗai Ya sani, amma ba ya tsayawa. Hadisin Sayyidina Umar da Tirmizi ya ruwaito ya buga misalin tawakkali da tsuntsu, wanda ke fita da yunwa ya dawo da ƙoshi. Malamai suka ce a lura, fita ya yi. Matasanmu masu kwana kan cacar ƙwallo a waya suna cewa rabo ne, to ku ji da kyau.

Shi ma ɗan ci-rani ne kamarmu. Irinsa da ke ƙyanƙyasa a Holan sukan yi tafiyar kilomita wajen 4,000 su ci rani a gaɓar tekun Muritaniya. Sai dai rayuwarsa a kan ruwa marar zurfi ta rataya. Ruwa ya yi zurfi, ƙafa ba ta kai ba. Ya ƙafe, babu abinci. Mun ga haka da idonmu a gida. Bayan an gama dam ɗin Tiga a 1974, da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta da manoman shinkafa suka sha wuya tare da tsuntsayen. Wasunmu ma abin da ya fito da su daga gida ke nan. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummu ne irinmu. Ashe kuwa har a wahala tare muke.

To, wanda ya ɗanɗani wannan, yaya za a yi ya zo Keffi ya ɓata ruwan wasu? Amma ga shi muna yi. 'Yan acaɓa na wanke babur a bakin kogin Antau, bakanike na tuttular da baƙin mai a kwata, masu lambu na ɗauraye tankin feshi a inda ake shayar da shanu, ledar fiya wata kuwa ba a magana. Ruwan nan gangarawa yake, wani yana ƙasa yana jira. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani kan yin bayan gida a mashaya. Baƙin mai da maganin feshi fa?

Masu gari ba su kore mu ba. Abdu Zanga da ya kafa garin nan, shi ma daga ƙasar Katsina ya zo, sun san baƙunta. Amma ranar da rigima ta tashi kan ruwa, baƙo za a fara nunawa da yatsa, kuma wallahi ba kullum ne za a ce an zalunce mu ba.

Gobe Asabar bayan sallar Asuba za a yi aikin gayya na yashe kwatar bayan masallaci. A zo da shebur da baro. Bakanikai a tanadi jarka ta tara baƙin mai. Allah Ya sa mu dace, Ya jiƙan iyayenmu. Wassalamu alaikum.