HUKUNCIN MAI KARE IDAN KARENSA YA CIJI WANI A GIDANSA KO GONARSA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun da satar shanu da ta amfanin gona ta yawaita a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, manoma da yawa sun koma ajiye karnuka a bakin rumbu da garke da gonakin masara da auduga. Idan kare ya ciji almajiri ko 'yar talla ko ɗan ƙodago, sai a ji mai shi ya ce ai cikin mulkinsa abin ya faru, wa ya kira shi? Wannan magana ba ta kuɓutar da shi a shari'a ba.

Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Wanda ya riƙe kare ba don ɗayan waɗannan ba, ana rage masa lada kowace rana. Risala ma ta hana ajiye shi cikin gidaje. Amma masu sharhinta sun kawo labari cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, yana ganin da Imamu Malik ya riski zamaninsa da zaki zai ajiye. Saboda haka ba a zargin manomin da tsoro ya sa ya nemi mai gadi. Sai dai halaccin ajiyewa dabam, lamunin ɓarna dabam.

A cikin Mudawwana, Ibnul Ƙasim ya raba mas'alar biyu. Idan an ajiye kare inda ya halatta, kamar gona ko garke, babu lamuni a kan mai shi har sai an yi masa kashedi. Da zarar maƙwabta sun gargaɗe shi gaban shaidu, ko an kai maganar ga mai unguwa ko dagaci, ya kuwa ƙyale karen har ya sake cizo, to, abin da ya ɓata yana wuyansa. Idan kuwa inda bai halatta ba ne, watau cikin gidan zama, ya kuma san karen mai cizo ne, saninsa ya isa, ba a jiran gargaɗi. Shehu Halilu ya sa wannan a babin jini, kusa da mai haƙa rijiya don cutarwa ko da cikin gidansa ne: wanda ya nufi wani takamaimai da karen har ya mutu, ƙisasi ne, in ba haka ba, diyya.

Sallama ma tana da nata matsayi. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini, malaman Hambaliyya kuma sun ɗauke lamuni ga wanda aka shigar masa gida ba da yardarsa ba. To, amma wanda ya tsallako danga da dare ba ɗaya yake da yarinyar da matar gida ta kira ta kawo ƙuli-ƙuli ba, ko mai tsinkar auduga da aka ɗauka aiki. Wanda ya ce "shigo" alhali ya san abin da ke kwance bayan zaure, shi ya jawo cutar. Yaro ƙarami kuwa ba a ɗora masa sanin iyakar gona.

Raunin da shari'a ba ta yanka masa diyya ba, Ibn Arafa na Tunis ya kyautata a ɗora wa mai laifi ladan likita da kuɗin magani. A nan abin yake da nauyi, domin ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana, da wuya a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara. Sai a wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi don allura a ranar, kada a tsaya ga tofi kaɗai. Mai karen ya ɗaure shi kwana 10 ana lura da shi, kada ya ɓoye shi don gudun biya. In sulhu ya gagara gaban dagaci, kotunan shari'a da Jihar Katsina ta kafa tun shekarar 2000 suna sauraron irin wannan ƙara.