Wanda Ya Gama Zaman Yari, Yaushe Hukuncinsa Ke Ƙarewa?



Makon jiya bayan La'asar kwamitin masallaci ya zauna a kan wata magana da muka ɗauka minti goma za ta ci, sai ga shi har ladan ya kira Magariba ba mu tashi ba. Wani matashi ne cikin jama'armu, ba za mu kama suna ba, ya zo neman takardar shaidar hali zai nemi aikin direba a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Kowa ya san shi. Shekara da shekaru yana jigilar buhunan citta daga Kwoi da Kachia, ba a taɓa cewa buhu guda ya salwanta a hannunsa ba. Kowa kuma ya san ya yi wata goma sha takwas a gidan yarin Kafanchan saboda faɗan da ya yi a tasha har ya ji wa wani rauni, ya fito a 2018. To a fom ɗin an tambaya ko kotu ta taɓa samun mai neman aiki da laifi. Ya ce mana, ya rubuta "e" ko "a'a"?

Wasu daga cikin dattawanmu suka ce ya rubuta "a'a", wa zai bincika, ai rufin asirin musulmi lada ne. Ba mu tafi a kan haka ba. Rufin asiri shi ne kada mu riƙa yawo da maganarsa a kasuwa. Ƙarya a takardar da ya sa wa hannu kuwa ƙarya ce, kuma dokokin aikin gwamnati sun ce ɓoye irin wannan ya isa a sallami mutum ranar da aka gano. Sai dai shi ma yaron gaskiya ya faɗa da ya ce da zarar ya rubuta "e", fom ɗinsa ya kama hanyar kwandon shara.

Abin da dokokin aikin gwamnatin tarayya suka ce shi ne, wanda kotu ta taɓa samu da laifi ba za a ɗauke shi ba sai da amincewa ta musamman daga hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya. Wato ƙofar ba a toshe take ba, mabuɗin ne ke Abuja. Ba a bambanta wanda ya yi dambe a tasha da wanda ya wawure baitulmali ba, ba a kuma faɗi shekarun da za su wuce a manta ba. A kwatanta da Kundin Tsarin Mulki na 1999: wanda aka yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya, shekara goma aka hana shi takarar gwamna ko majalisa. Bayan nan yana iya neman Gidan Sir Kashim Ibrahim. Mai neman tuƙa motar ofis shi ba a yanka masa wa'adi ba. Manya kuma suna da wata ƙofar, ta afuwa. A 2022 aka yi wa Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba afuwa, suna tsare kan kuɗin jama'a. Obasanjo kotun soja ta ɗaure shi a 1995, ya fito a 1998, ya hau mulki a 1999. Za a ce shi zaluntarsa aka yi. To, a cikin talakawan da ke ɗaure ma akwai waɗanda aka zalunta, mai tsaya musu ne babu.

Akwai abin da da yawanmu ba mu sani ba. Dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya yi zamansa lafiya, ta kuma hana a nuna wa mai wannan takarda wariya saboda ɗaurin da ya yi. Yaronmu ya riga dokar fitowa, bai ma taɓa jin labarinta ba. Masu 'yan uwa a ciki su tambaya tun kafin ranar sallama.

Liman ne ya warware mana zaren, kuma daga littafin da da yawanmu muka karanta a zaure. Ya ce a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda aka yi wa haddi kan zina, idan ya tuba ana karɓar shaidarsa a gaban alƙali, ban da a shari'ar zina. A duba wannan da kyau. Malamanmu na Malikiyya ba su ce an shafe abin kamar bai faru ba. Ba su kuma jefar da mutumin gaba ɗaya ba. Wurin da ya taɓa zamewa kaɗai suka killace, suka buɗe masa sauran. Shaida a kotu fa amana ce da ake yanke hukunci a kanta, ta fi riƙe sitiyari nauyi.

Wannan ma'auni muke ganin ya kamata gwamnati ta ɗauka. Wani Alhaji a zaman ya ce shi an fasa masa shago sau biyu, kada a zo masa da wa'azin tausayi. Yana da hujja, kuma jama'a suna da haƙƙi. Wanda aka ɗaure kan satar kuɗi kada a ba shi riƙon kuɗin asibiti. Wanda ya ci zarafin yara kada ya kusanci makaranta, wannan ba mu ga ranar ɗage shi ba. Amma faɗan da ɗan shekara ashirin ya yi, me ya haɗa shi da tuƙin mutumin da yanzu ke da mata da 'ya'ya uku? A duba irin laifin, a duba irin aikin, a duba shekarun da suka wuce da abin da ya yi a cikinsu, sannan a saurare shi baki da baki kafin a yanke.

Wasu ƙasashen sun yi nisa a nan. Ingila tun 1974 take da dokar da ta ce yawancin laifuka, in wa'adi ya cika, ba dole mutum ya ambace su wurin neman aiki ba, ban da ayyuka irin na kula da yara. A Amurka dokar 2019 ta hana ma'aikatun tarayya yin tambayar sai bayan an ga cancantar mutum an yi masa tayin aikin, in ban da wasu muƙaman tsaro. Tambayar tana nan, baya aka mayar da ita, don a fara ganin mutumin kafin a ga tabonsa.

Kada mu ɗora komai a kan gwamnati. Mu nan masu shaguna da rumbunan citta, mu nawa ne za mu ɗauki wanda ya fito daga yari ko da ɗan dako? Wannan yaron ma mutum ɗaya ne ya amince ya ba shi mota bayan kusan shekara yana zaune, ana gaisawa da shi a sahu ana kulle aljihu. Da mai motar bai yi kasadar ba, da yau ba mu da abin da za mu rubuta a takardar.

Mun rubuta ta. Mun faɗi laifin da shekarar da ya fito, mun faɗi shekarun da ya yi yana ɗaukar kayan mutane ba ƙorafi, liman da mai motar da 'yan kasuwa uku suka sa hannu. Alhajin da aka fasa wa shago ya karanta sau biyu, ya ce a ba shi biro. Yaron ya rubuta "e", ya liƙa takardarmu a bayan fom ɗin. Har zuwa daren jiya ba a kira shi ba.