Unguwar da Ta Dace da Iyalin Mai Bi

Karatu: Farawa 13:5-13, Irmiya 29:4-7

Gabatarwa

Yawancin masu bi da ke sujada da harshen Hausa a Legas aiki ne ya kawo su. Waɗansu sun zo daga Filato, waɗansu daga kudancin Kaduna, Adamawa, Gwambe ko Borno. Akwai soja da ɗan sanda, akwai direba da maigadi, akwai malamin makaranta da ɗan kasuwa. Kowannensu, ranar da ya yi niyyar kawo matarsa da 'ya'yansa, sai tambaya ɗaya ta tsaya masa a gaba: a wace unguwa za a zauna? Mutane da dama suna ɗaukar wannan a kan maganar kuɗi kawai. Amma Littafi Mai Tsarki ya nuna cewa inda mutum ya kafa alfarwarsa yana taɓa bangaskiyar gidansa har tsara mai zuwa.

1. Zaɓin da ido ya yi

Sa'ad da makiyayan Abram da na Lutu suka yi faɗa, Abram ya ba Lutu dama ya fara zaɓa. Lutu ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun da ruwa da ciyawa, ya ɗauka nan take. Nassi bai nuna ya yi addu'a ba, bai kuma nuna ya tambayi halin mutanen wurin ba. Da farko ya kafa alfarwa kusa da Saduma. A sura 14 yana cikin birnin, har aka kama shi a yaƙi. A sura 19 yana zaune a ƙofar gari. Bitrus ya shaida cewa Lutu adali ne, ransa yana shan azaba kowace rana saboda abin da yake gani da abin da yake ji (2 Bitrus 2:7-8). Duk da haka, ranar da ya gargaɗi surukansa sai suka ɗauka wasa yake yi. Ya shiga da dukiya mai yawa, ya fita ba dukiya, ya rasa matarsa a hanya, ya ƙare a kogo.

Ido yana yin irin wannan zaɓi har yau. Magidanci yakan kama gidan da ya fi ƙarfin albashinsa domin kada 'yan garinsu su raina shi. Shekara tana zagayowa sai ya shiga cin bashi, kuɗin makarantar yara ya tsaya, zakkarsa ta tsaya, gardama ta shiga tsakaninsa da matarsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ubangiji Yesu ya ce mai son gina hasumiya sai ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28), Bulus kuma ya koyar cewa ibada tare da wadar zuci riba ce babba (1 Timoti 6:6-8). Zama a unguwar masu ƙaramin ƙarfi ba abin kunya ba ne. Manzo Bulus kansa ya yi shekara biyu a gidan haya a Roma, daga nan yake karɓar baƙi yana wa'azin Mulkin Allah (Ayyukan Manzanni 28:30-31).

2. Lissafi na gaskiya

Sai dai araha ma tana da tarkonta. Tsadar haya a tsakiyar birni ta tura iyalai zuwa Ikorodu da Agbado, har zuwa Sango Ota da Mowe da Ibafo a cikin Jihar Ogun. Haya a can ta fi sauƙi, amma wanda yake aiki a Apapa ko Victoria Island yakan bar gida tun da asuba yara suna barci, ya komo da dare ya tarar sun sake yin barci. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota yana cinye rabo mai yawa daga abin da aka rage a haya. Musa ya umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune cikin gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi (Maimaitawar Shari'a 6:7). Uban da 'ya'yansa ba sa ganinsa sai ranar Lahadi, yaushe zai cika wannan umarni?

Saboda haka lissafin iyali mai bi ya haɗa abubuwa da yawa. Miji da mata su zauna tare su haɗa kuɗin haya da na mota da na ruwa da na makaranta, su kuma ƙidaya sa'o'in da hanya za ta ci. Su duba ko akwai hanyar da ke rage wahala, kamar motocin BRT da suka fara aiki daga Mile 12 a 2008, aka kai su Ikorodu a 2015. Su je su ga gidan da damina, gama unguwar da ta yi kyau da rani takan zama tafki a watan Yuli. Su je da dare su ga abin da ake sayarwa a bakin titi da waɗanda ke zama a wurin. Su tambaya ko ƙasar tana da takarda, domin waɗanda suka zauna a Maroko sun ga yadda aka rushe unguwar duka a 1990. Su karɓi rasit a kan kowane kuɗin da suka biya. A 2011 Jihar Legas ta yi dokar da ta hana mai gida karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, rashin sani kuwa ya sa mutane da yawa sun biya abin da ba a bin su. Bayan wannan duka, su tambaya: ina ikkilisiya? Yaran za su iya zuwa makarantar Lahadi da ƙafa? Uwargida za ta iya zuwa zumuntar mata ta komo kafin duhu?

3. A zauna zama na gaske

Akwai wani kuskuren kuma. Sa'ad da Nebukadnezzar ya kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, annabin ƙarya Hananiya ya ce cikin shekara biyu za a komo (Irmiya 28). Allah ya aika da Irmiya ya faɗa musu cewa shekara 70 ne. Ya umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi lafiyar birnin su kuma yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana cikin lafiyarsa.

Masu bi da yawa suna zaman Legas kamar gobe za su tashi. Mutum yakan yi shekara ashirin a ɗaki ɗaya da mata da 'ya'ya manya, yana aika kowane kwabo ƙauye domin ginin da ƙadangaru ke kwana a ciki. Wani yakan bar iyalinsa a gida shekara da shekaru, jaraba ta sami ƙofa a nan da can. Gini a gida abu ne mai kyau, amma yara ba sa jiran gini ya ƙare kafin su girma. Ɗaki na biyu da zai raba 'yan mata da samari ya fi bene a ƙauye gaggawa.

Neman lafiyar unguwa yana farawa daga tsakar gida. A gidan haya inda iyalai da yawa ke tarayya a famfo ɗaya da makewayi ɗaya, a nan ake gane mai bi. Ya biya rabonsa na kuɗin wuta a kan kari. Ya fito ranar gyaran kwata. Ya koyi gaisuwa da Yarabanci. Ya san sunan maƙwabcinsa, ko Bayarabe ne, ko Ibo, ko ɗan'uwa Musulmi da suke yare ɗaya, ya je masa barka da ta'aziyya. Matar Shunem, da Elisha ya tambaye ta ko tana bukatar a yi magana dominta wurin sarki, ta amsa cewa tana zaune a cikin mutanenta (2 Sarakuna 4:13). Iyalin da maƙwabta suka ɗauke su nasu sun sami tsaron da katanga ba ta bayarwa. Akila da Bilkisu baƙi ne a Koranti da Afisa, masu ɗinkin alfarwa, amma gidansu ya zama wurin taruwar ikkilisiya (1 Korantiyawa 16:19).

Kammalawa

Ikkilisiya ma tana da nata rabo. Ya kamata dattawa su taimaki sababbin zuwa da labarin gidajen haya masu aminci, su raka su wurin mai gida, su kafa ƙungiyoyin addu'a na unguwa domin waɗanda majami'a ta yi wa nisa.

Masu bi ba su da birni mai dawwama a wannan duniya, suna sauraron wanda ke zuwa (Ibraniyawa 13:14). Kafin ranar nan, unguwa mai albarka ita ce wadda iyali zai iya biyan hayarta ba tare da bashi ba, uba ya ci tuwon dare da 'ya'yansa, a buɗe Littafi Mai Tsarki tare kafin barci. Mai shirin tashi ya fara durƙusawa tare da matarsa kafin ya je wurin dillali. Ubangiji ya ba iyalan ikkilisiyarsa hikimar zaɓe da wadar zuci, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.