Wa Ke da Haƙƙi a Ƙasan Akwati?

A Nima da Maamobi da New Town, ɗaki kan yi wa mace kaɗan tun kafin 'ya'ya su yi yawa, kuma galibi tufafi ne ke cinye shi. Akwatunan lefe jere a kan sif, jakunkuna a ƙarƙashin gado, ga wani ƙulli a bayan ƙofa. Duk da haka, ranar da aka ce akwai suna a Kotobabi, mai ɗakin sai ta ce ba ta da abin sawa. Gaskiya ta faɗa: wannan ya matse ta, wancan an daina yayinsa, wani kuma kowa ya gan ta da shi a bikin bara.

Shin mace tana da ikon riƙe tufar da ta san ba za ta ƙara sawa ba, don kawai da kuɗinta ta saya? Idan kuma ta tashi ragewa, me ya kamata ta yi da abin da ta fitar?

Wata 'yar Japan mai suna Marie Kondo ta yi suna a duniya kan wannan batu, tun daga littafin da ta fitar a 2011 har zuwa shirinta na Netflix a 2019. Shawararta ita ce a ɗauki kowace tufa a hannu, wadda ta faranta rai a ajiye, wadda ba ta faranta ba a rabu da ita. Shawarar tana da amfani, sai dai mutum ɗaya kawai take tambaya, wato mai kayan. A Zango kuwa zani ba ya zuwa shi kaɗai. Wannan na lefe ne, wancan uwar miji ta kawo daga Makka, ɗaya kuma yaayi ne, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira anko, wanda aka yi a auren ƙanwar aminiya. Kowane yana ɗauke da sunan wani, shi ya sa hannu ke nauyi wajen fitar da shi.

Iyayenmu da kakanninmu suna da hujjarsu ta tara zannuwa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Atamfar Holan ko GTP ko ATL, yadi shida da almakashi bai taɓa ba, ajiya ce. Darajar sidi ta sha faɗuwa, amma atamfa mai kyau tana riƙe kimarta. Idan rashin lafiya ta zo ko kuɗin makaranta ya matsa, ana iya fitar da ita a sayar. Idan 'ya ta tashi aure, an riga an rage nauyi. Ba ni da ja da wannan. Amma da zarar tela ya yanka ya ɗinka daidai jikin mace ɗaya, ajiya ta ƙare. Abin da ya rage sutura ce, ita kuwa sutura ko dai ta rufe jiki, ko ta zauna danshin daminar Accra ya sa mata fumfuna, asu ya huda ta.

Malamai sun ce babu zakka a kan tufafin sawa. Ni a fahimtata wannan ya ƙara wa mai akwati nauyi, domin babu nisabin da zai tuna mata, babu mai zuwa karɓa. An bar ta da zuciyarta. Doguwar rigar da ta shekara uku a ƙasan akwati ba ta suturta kowa ba, alhali a gidan hayar nan akwai yarinyar da hijabi ɗaya take wankewa da dare ta sa da safe. Rigar mallakin mai ita ce, babu alƙalin da zai ƙwace. Amma mallaka daban, dacewa daban.

Ma'aunin da na fi yarda da shi tsoho ne: daidai ruwa daidai tsaki. Mace ta dubi makonta kamar yadda yake, ba yadda take fata ba. Mai sayar da waakye da ke tashi tun kafin asuba tana bukatar zannuwan da ke jure wanki da hayaƙi. Mai shago a kasuwar Malam Atta, da ma'aikaciyar jinya, da malamar makaranta, kowacce da abin da yininta ke nema. Ni da aikina na rediyo ne, mai sauraro bai taɓa ganin leshin da ke jikina ba. Kwanakin aiki sun fi na biki yawa nesa ba kusa ba, amma a yawancin akwatunanmu kayan biki ne suka rinjaya. Idan aka ware na aiki, da na sallah da makarantar islamiyya, da kala kaɗan na biki, da ɗaya ko biyu na tunawa da mamaci ko ranar aure, sauran fa suna jiran mai su ne.

A nan rabi na biyu na tambayar ke shigowa, kuma mu mutanen Accra mun fi kowa sanin amsarsa, domin abin da matan Turai da Amurka suka rage daga ɗakunansu a garinmu yake sauka. Kasuwar Kantamanto tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya. Kungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na ƙarewa a shara, ko da yake dillalan gwanjo suna jayayya da wannan adadi. Wanda ya taɓa zuwa bakin tafkin Korle ko gaɓar teku a Jamestown ya ga tsummokaran da idonsa. Masu ɗaukar dilolin a ka su ne kayayei, 'yan mata da yawancinsu daga arewacin Ghana suka fito. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar. Wadda ta zuba tsohuwar rigarta a akwatin taimako a Landan ta tafi gida da zuciya fes, tana ganin ta yi alheri. Nauyin ya faɗo a wuyan wata.

Mu ma muna iya yin irin wannan a ƙaramin mataki. A jira sai riga ta koɗe, hammata ta yage, sannan a miƙa wa mai aiki ko a aika ƙauye, a ce da tsirara gara baƙin bante. Wanda ya rage kuma a watsa a babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, ruwan Yuni ya zo ya tarar da hanya a toshe. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana a zaɓi mummuna a bayar, irin wanda mai bayarwa ba zai karɓa ba sai da runtse ido. Ke nan kyautar tufa tana da lokaci, kuma lokacinta shi ne sa'ad da mai ita take ɗan jin zafin rabuwa da ita. A wanke, a goge, a miƙa wa wadda aka san zai yi wa daidai, ba a gaban jama'a ba. Wanda ya riga ya mutu a kai wa tela ya fitar da na yara, ko a mayar da shi tsumman goge ɗaki.

Sai dai duk wadda ta kwashe akwati ba ta rufe ƙofar shigowa ba, baɗi za ta sake wannan aiki. Babbar ƙofar kuwa yaayi ce. Na san abin da za a ce: ƙin ɗauka yanke zumunci ne, kuma ranar naki bikin za a rama. Wannan tsoro gaskiya ne, a unguwar da kowa ya san kowa. Amma zumunta a ƙafa take. Wadda ta zo tun safe ta kama girki, ta ba da gudummawa, ta fi wadda ta ci bashin adashi ta ɗinka kayan yini ɗaya. Nauyin gyara ya fi hawa kan masu biki da masu hali. Idan uwar amarya ta zaɓi launi kawai ta ce kowa ya zo da abin da yake da shi, ko hajiyar da kowa ya san tana da kuɗi ta maimaita kayanta ba tare da kunya ba, talaka ta samu mafaka.

Ranar da mace ta rasu, dangi ne ke buɗe akwatunan, su raba abin da asu ya bari. Gara ta buɗe da hannunta tun tana raye, ta ga zaninta a jikin wata, ta ji addu'ar da kunnenta. Allah Ya suturta mu duniya da lahira.