Batirin da ba a taɓawa

A yammacin Ostireliya akwai wata tsohuwar hanyar shanu da ake kira Canning Stock Route, mai tsawon kimanin kilomita 1,850 a cikin hamada. Masu bin ta da Land Cruiser sukan yi kwanaki ba su ga gari ba, shi ya sa akasarinsu ke ɗaukar ɗan firji mai aiki da volt 12, cike da nama da ruwan sanyi. Amma duk wanda ya san daji ba ya jona firjin nan da batirin da ke tayar da mota. Batir na biyu yake saka masa.

Batirin tayar da mota an ƙera shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙoƙi, inji ya kama, sannan altaneta ta mayar masa da abin da ya bayar. Shi kuwa firji tsotso yake yi a hankali, dare da rana, kuma zafi na ƙara masa ci. Ka bar shi ya kwana a kan batir ɗaya, da safe ka murɗa makulli sai ka ji ƙas-ƙas, shiru. A kan kwalta sai a kira yara su tura. A cikin yashi fa? Direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku ba sa bukatar a yi musu bayani.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata 'yar na'ura da ake sakawa tsakanin batiran biyu, wadda ba ta fi dunƙulen hannu ba. Idan inji na aiki, wuta ta haura kusan volt 13.3, sai ta haɗa su, kowanne ya sha caji. Da zarar an kashe mota, wuta ta sauko wajen 12.8, sai ta raba su. Daga nan firji ya ci nasa har ya ƙare, ko da nama zai lalace, ba shi da hanyar kaiwa ga ɗayan.

Ana iya yin wannan da makunnin hannu, kuma wasu na yi. Sai dai mutumin da ya wuni yana fama da tudun yashi, ya sauka a gajiye ga yunwa, ba zai tuna ya murɗa komai ba kowane dare. Masu saka waccan na'ura ba su jingina ransu ga tunawa ba. Tun a gida, hankali kwance, suka yanke hukunci suka ɗaure shi da waya.

Wannan ne nake ganin ƙananan 'yan kasuwarmu da yawa ke rasawa, kuma abin yana damuna. Jari da kuɗin cefane a aljihun tebur ɗaya. Ba wanda ya yi niyyar cin jarinsa. Yau ɗari biyar ta mai, gobe dubu ta biki, kullum da niyyar mayarwa, har ranar da mai shago zai tashi zuwa Kantin Kwari saro kaya, ya ƙirga abin da ya rage, ya tarar ko rabin dila ba zai saya ba.