Da Wane Littafi Za Ka Fara wa Yaronka?

Ɗan'uwa, idan kana cikin masu karantar da 'ya'yansu a gida a nan Makka, ko don maganar iƙama ta tsaya, ko don ka zaɓi hakan da kanka, to ka san muhawarar da ke yawo tsakanin iyaye daga Shara Mansur zuwa Misfala: da wane littafi za a fara wa yaro Larabci? Wannan ya ce Ajurumiyya, ai da ita malamanmu suka tashi. Wancan ya ce littattafan Madina. Ni kuwa ina ganin akwai tambayar da ta riga wannan: don wa kake zaɓen littafin, don yaron ko don kanka?

Kada ka yi saurin cewa don yaron mana. Akwai daɗi ƙwarai a ce ɗanka mai shekara 6 ya miƙe gaban baƙi ya zubo Ajurumiyya daga ka, ana ta masha Allah. Littafin kuwa mai albarka ne. Ibnu Ajurrum, wanda ya rasu a Fas a shekarar 723 bayan Hijira, ya dunƙule nahawu cikin 'yan shafuka, har ana ruwaito cewa a garin nan ya rubuta shi. Amma ka tsayar da yaron nan ka ce ya faɗa maka da fusha abin da ya ci da safe. In ya yi shiru, to abin da ka samu yabon baƙi ne, shi kuma bai samu harshe ba tukuna.

Ibnu Khaldun ya yi bayanin wannan a Muƙaddima tun ƙarni na 14. A wurinsa harshe malaka ce da ke zama a jikin mutum ta hanyar ji da maimaitawa, kuma sanin dokokinta daban yake da iya ta. Ya kawo misalin mutumin da zai kwatanta maka ɗinki tiryan-tiryan, amma in ka miƙa masa allura da zare sai ya kasa.

Turawa ma sun sha wannan gardama a kan Latin, harshen da ya daɗe yana zaman harshen ilimi a wurinsu. Fiye da shekara 1000 yaransu suna haddace ƙaramin nahawun Donatus, wani malamin Rum na ƙarni na 4. A 1658 Comenius ya fitar da littafi mai hotuna, yaro ya ga abu ya ji sunansa. A 1955 wani malami ɗan Denmak, Hans Ørberg, ya rubuta labarin wani gidan Rumawa da Latin zalla, doka tana fitowa daga cikin labari. Har gobe iyaye masu koyarwa a gida a Amurka suna rabuwa tsakanin hanyoyin nan biyu.

To mu namu fa? Dubi yaron da ke gabanka, domin yaranmu iri biyu ne. Wanda aka haifa a nan, bakinsa cike yake da Larabcin Hijaz, yana cewa dahhin inda littafi ke cewa al'ana. Shi buƙatarsa ya gane cewa harshen littafi ɗan'uwan na titi ne, sai a cika masa kunne da ƙananan labarai na fusha, yana karantawa da ƙarfi. Wanda kuwa aka zo da shi daga Kano ko Maraɗi yana da wayonsa, kalmomi yake nema. Littattafan Madina na Dakta Abdurrahim za su yi masa amfani, amma ka tuna don ɗaliban jami'a waɗanda ba Larabawa ba aka tsara su. Ka bi a hankali, kana nuna masa ƙofa da alƙalami da kofi da hannunka. Dukansu biyu kuma sai sun fara zaunar da baƙi da wasali, da Bagadadiyya ko Nuraniyya.

Za ka ce, ai hadda a yarinta kamar zane ce a kan dutse. Gaskiya ne, kuma ban ce a yar da hadda ba. Sai dai ka tuna yadda ake karatun zaure a gida: ɗalibi yana jan baƙi, malam yana fassara masa da Hausa kalma bayan kalma. Ba a bar shi da matani shi kaɗai ba. Hausar nan ita ce tsanin da ya taka ya hau. In za ka ɗauki hanyar magabata, ɗauke ta gaba ɗayanta, har da haƙurin zama ka fassara.

Nan kuma wani hakki ya fito da muke yawan mantawa. Gidaje nawa ne a Makka da Jidda suke amsa sunan Hausawi, amma jikokinsu ba su iya gaida tsohuwa da Hausa ba? Larabci zai samu yaronka a masallaci da kasuwa da bakin ƙofa. Hausa in ba a ɗakinka ya ji ta ba, babu inda zai ji ta yadda ya kamata. Ko labari ɗaya ne daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, karanta masa bayan isha'i. Ba zai rage masa Larabci ba.

Yaro amana ne, kuma ba shi da bakin cewa littafin nan ya fi ƙarfina. Abin da yake iyawa kawai shi ne ya tsani lokacin karatu, kuma abin tsoro ne a ce harshen Alƙur'ani ne ya fara tsana a hannun ubansa. Don haka ka gwada littafin da ka zaɓa wata ɗaya. In yaro ya fara amfani da abin da ya koya ba tare da an tambaye shi ba, ka ci gaba. In kuwa kullum sai da hawaye, ka ajiye shi ka sauko mataki ɗaya. Ajurumiyya ta jira ɗalibai shekara 700, za ta iya jiran ɗanka ya kai 10. Allah ya raya mana su bisa ilimi mai amfani.